Ƙarar Kusun Jigawa

Baba Na-Dakoro:
Salamu alaikum. Na kawo ƙara, kuma amsa-amon yau "wa" ne.

Na bizne hatsina tun gaban hadari,
Tiya uku, irin zango, can a jigawa.
Da safe na bi layi gurbi-gurbi,
An tone kowane, babu ragowa.
Sawu ƙanana sun zagaye gona,
Ga jan wutsiya, shaida ba musantawa.
Kusu ɗan mitsitsi mai launin rairai,
Ciki fari fat, ido na ƙyallawa.
Ya ƙoshi ya koma rami ya kwanta,
Ni ko da me za ni sake shibkawa?

Ɗiyar Tasawa:
Baba, ina wuni? Allah ya mayar da alheri. Amma kusu ba shi da lauya, bari in tsaya mashi.

Baba, gidansa ka tarar a gun nan,
Tun ba a sare sabara da aduwa.
Ɗiyan ciyawa ne tuwon kakansa,
Ƙarangiya ma ba ya rainawa.
Mun kai gona har kwarin Tarka,
Ina ya rage mai abin taunawa?
Mujiyar da ke farautarsa da dare,
Mun ce mayya ce, muna ta korawa.

Baba Na-Dakoro:
Ɗiyata, kin yi karatu, amma ba ki taɓa sayen iri a watan shibka ba.

Makiyayi daga Bermo:
Ni ba ni da gona, ba ni da ƙara. Abin da na gani kawai za ni faɗi.

Na san shi a rani, tsakiyar bazara,
Sa'ad da rijiyoyi ke ƙafewa.
Shanu na kuka, jaki na haki,
Shi bai taɓa zuwa layin ɗibar ruwa.
Ƙwayar da ya ci ita ce randarsa,
Daga cikinta jikinsa ke tatsowa.
Da rana ya toshe ƙofa da rairai,
Ƙasa da sanyi, sama na ƙonewa.
Sai dare ya fito da kunne a tsaye,
Tsoron kububuwa da na yanyawa.
Ya kwashi tsaba ya kai ta ɗaka,
Rumbunsa a ƙasa, ba mai leƙawa.
In iska ta busa ta shafe sawu,
Ko ɗan farauta sai ya yi wucewa.

Akwai wani can wajen Gadabeji mai dogayen ƙafafun baya da tuntu a wutsiya, tsalle yake yi. Shi dabam ne, kada Baba ya haɗa su sammaci guda.

Kawu na Mayahi:
Yara, ku bar yabon kusu. Bayan farin 1984, da ruwa ya dawo ciyawa ta cika daji, a 1986 da 1987 sun yi yawan da har da rana kake ganin su.

Shekarar nan mun shibka sau nawa,
Kowace shibka sai su yi tonewa.
Mai yabon kusu bai ga wannan ba,
Da ya gani da bakinsa ya yi shiru.

Ɗiyar Tasawa:
Kawu, "shiru" ba ta cikin amsa-amo! A gyara.

Kawu na Mayahi:
To, "da bakinsa na rufewa". Tsufa ne.

Baba Na-Dakoro:
Gobe in sayo guba a kasuwa,
In gauraya da dusa in yi zubawa.

Ɗiyar Tasawa:
Baba, zabbinka su ne na farko,
Kafin kusu su za su yi tsattsagewa.
Mujiya ta ɗauki wanda ya ci ta,
Ita ma da safe a tarar ta da mutuwa.
Bari ƙasa ta jiƙa sannan ka shibka,
In ya tsiro da wuri, tonon na raguwa.

Kawu na Mayahi:
Yaya, lokaci ya ja, zango ba za shi kai ba bana. Ina da HKP, irin hatsi na INRAN, ma'aikatar binciken noma da ke Tarna, yana nuna da wuri. Aiko yaro ranar kasuwa ya ɗauki tiya biyu.

Baba Na-Dakoro:
Na gode ƙane, Allah ya biya ka,
Ko da zangarniyarsa ba ta burgewa.
Ka sa a buhu ka ɗaure da kyau,
Yaron ma da hatsi ba ni amincewa.