Musayar waƙa: Ronaldo mai wushirya, ba na Fotugal ba

Baba Inter:
Salamu alaikum jama'a, yau da Ronaldo na asali na tashi a raina, na Brazil, ga baitina wanda ya isa ya amsa

Daga Cruzeiro ya fito yana yaro,
PSV ta saye shi ba ta ji tsoro,
A Barcelona ya zura 47 ba aro,
Gola in ya hango shi sai ya nemi tsaro.

Ɗan CR7:
Baba yabon mai tumbi ya ishe ka,
Kofin Zakarun Turai ina yake a jakarka?
Namu ya ɗaga biyar, je ka tambayi jikanka,
Naka gwiwa ta cinye shi kamar yadda ta cinye ka.

Baba Inter:
Kai ɗan nema gwiwata lafiyarta ƙalau, sanyi ne kawai. Karɓi

Gwiwa ta fashe a wasan Lazio, aka ce ya gama,
A 2002 sai ga shi tsaye a Yokohama,
Biyu ya zuba wa Kahn, Jamus ta rasa abin kama,
Takwas a gasar, naku kofin duniya sai dai ya hango a sama.

Anti Zee:
Wayyo Baba ka gama da shi wallahi, yaron nan ya je ya sha ruwa ya dawo

Malam Aruli:
Baba Allah ya ƙara girma amma ɗango na huɗu ya karye, ya fi 'yan uwansa tsawo kamar jelar raƙumi, kuma 47 ba a sa lamba a waƙa, in ka furta arba'in da bakwai karin ya watse gaba ɗaya

Anti Zee:
Malam kai kullum awo kamar tela, naka baitin ba mu taɓa gani ba

Malam Aruli:
Amsa-amo kaɗai ba shi ne waƙa ba Hajiya. Shi ma Ɗan CR7 ka, ka, ka, ai ko ɗan firamare zai jera

Ɗan CR7:
Malam ni me na yi maka kuma, to ga wanda ba "ka" a ciki

A 98 Faransa ta ba su uku ba ko ɗaya,
Zidane da kai ya zuba biyu, suka koma baya,
Gwanin Baba yana fili kamar an ɗora masa kaya.

Baba Inter:
A'a yaro nan ka yi rashin ta ido, mutumin da jikinsa ya kama jijjiga ranar wasan, da farko ma ba sunansa a jerin 'yan wasa, ba a yi wa mara lafiya dariya. Kuma ɗango uku ka kawo ina na huɗun

Ɗan Zango Kumasi:
Ni ku bar ni da abin da ya dame ni, abin da ya yi wa Ghana tamu a gasar kofin duniya

A 2006 minti biyar bai wuce ba,
Ya yanke Kingson, gola bai ko taɓa ba,
Ƙwallo ta 15, tarihi da mu ya kafa,
Har yau gidan kallon nan ban sake leƙawa ba.

Malam Aruli:
Kafa ba ta amsa ba, ɗango na uku ya fita daga layi

Ɗan Zango Kumasi:
Malam muna makoki kana ƙirga gaɓa

Ɗan CR7:
Tarihin yawan ƙwallaye a gasar kofin duniya ma Klose na Jamus ya karya shi a 2014, a gidansu, ranar da Jamus ta ci Brazil 7-1. Kuma kar a manta Olympics ta Atlanta 96, Brazil na cin Najeriya 3-1 Kanu ya zo ya yi musu 4-3, gwanin Baba yana cikin tawagar

Anti Zee:
Wannan Kanu ne ya yi ba Cristiano ba, daina ado da kayan aro

Sani Mai Aski:
Ku yi haƙuri data ta ƙare min kwana biyu, ga nawa kan askin Ronaldo

Askin 2002 ya bar tsibiri a goshi,
Yara suka cika shagona kowa yana son shi,
Iyaye suka biyo baya da bulala da fushi,
Na aske sauran kyauta, ni na kwana da bashi.

Malam Aruli:
Wannan ya hau kari. Saura Baba ya gyara na huɗunsa

Baba Inter:
Ba zan gyara ba