Tambaya kan duwatsun Mahale na bakin tafkin Tanganyika

Dan_Kurna:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare a wajen mai shayi wani abokina ya nuna min bidiyo a wayarsa, wasu duwatsu ne a Tanzaniya wai Mahale, daji kore shar tun daga saman dutse har bakin ruwa, ga yashi fari tas kamar an wanke. To da na dawo gida na duba hoton taswira sai na ga bayan dutsen duk itatuwa ne tsilli-tsilli irin Falgore da rani. Dutse ɗaya amma fuska biyu? Don Allah masana ku warware min, wallahi abin ya tsaya min a rai.

Malam_Gwale:
Wa alaikumussalam ɗan uwa, tambaya mai kyau. Sirrin yana wajen tafkin ne. Tanganyika ba irin dam ɗin Tiga ba ne fa, zurfinsa ya kai mita 1,470, a duk duniya Baikal na Rasha ne kaɗai ya fi shi zurfi, kuma ƙasashe huɗu ne suke kewaye da shi, Tanzaniya, Kongo (Kinshasa), Burundi da Zambiya. Iska in ta taso daga kan ruwan tana ɗauke da danshi sai ta ci karo da dutsen, ba hanya dole ta hau sama, tana hawa tana yin sanyi har hadari ya haɗu ruwa ya zuba a ɓangaren yamma mai kallon tafkin, kafin ta gangara gabas ta riga ta sauke yawancin kayanta. Shi ya sa can baya dajin da suke kira miombo ne, mai kakkaɓe ganye da rani.

Kuma ko a gefen tafkin ma ba iri ɗaya ba ne, ƙasa kurmi ne mai duhu, kana hawa ka shiga gora, can ƙololuwa kuma ciyawa. Ƙololuwar Nkungwe mita 2,462 ce, kaɗan ta ɗara Chappal Waddi namu na Taraba mai 2,419.

Baban_Ikram:
Malam ya gama magana. Ni aiki ya taɓa kai ni Kigoma, nan ne babban garin da ake tashi. Ban shiga Mahale ba saboda kuɗin ba wasa, babu titin mota a cikin gandun sam, ko jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama, in ka sauka kuma ƙafarka ce motarka. Abin da ba na mantawa shi ne ƙananan kifin nan dagaa da ake shanyawa a bakin ruwa suna ƙyalli a rana, da daddare kuma masunta su fita da fitilu, ka hango tsakiyar ruwa kamar wani gari.

Birai masu kama da mutum ɗin nan, cimfanzi, su ne suka fito da sunan wurin, masu bincike daga Japan suna bin su tun 1965. Har takunkumi ake sa wa baƙi don murar mutum tana kama su.

Yar_Fagge:
Ni abin da ya fi taɓa ni mutanen wurin ne. 'Yan ƙabilar Tongwe a cikin duwatsun nan suke zaune tun kaka da kakanni, Nkungwe ɗin ma wuri ne mai tsarki a wajensu, aka tashe su a shekarun 1970, a 1985 aka mai da yankin gandun daji na ƙasa. Ana ta nuna birai a bidiyo, su kuma ba mai ko ambatonsu.

Dan_Kurna:
Allah ya saka da alheri, yanzu na gane. Yar_Fagge wallahi ban san da wannan ba sai yau. Malam, tunda ka ambaci Taraba, na ji ance Gashaka Gumti ma akwai irin biran nan, daga Kano ta Jalingo ake bi ko? Ina so in fara ganin namu in an yi hutun Sallah.