Neman kalma kafin Alhamis: irin wannan "resistance" ta makaɗan Lituweniya

Hadiza:
Assalamu alaikum malamaina. Ranar Alhamis da safe zan naɗi shiri kan kiɗan Lituweniya, wata ƙasa a Turai, lokacin da ƙasar take hannun baƙi, kuma kalmar "resistance" ta gagare ni. Ba ta masu bindiga nake nufi ba. Daga 1864 zuwa 1904 daular Rasha ta hana buga harshensu da haruffan boko. A wannan zamani ne Čiurlionis ya tsara kiɗansa "Miške", wato "A cikin daji", yana kuma ɗauko waƙoƙin ƙauye yana shirya wa masu rerawa a taro. Da Sobiyet ta mamaye ƙasar, aka hana taken ƙasa da Vincas Kudirka ya rubuta a 1898, sai jama'a suka riƙe waƙar "Lietuva brangi" ta Juozas Naujalis a madadinsa. Ba harsashi, amma kowa ya san inda aka dosa. Me zan kira wannan?

Bala:
Gwagwarmaya mana, Hajiya. Ita kunnen mai sauraro ya saba da ita.

Malam Isa:
Gwagwarmaya ki bar wa 'yan sari-ka-noƙen da suka shiga dazuka daga 1944 zuwa wajen 1953, su ne suka yi ta da jininsu. Kada kuma ki kuskura ki ce tawaye ko bijirewa. Mai haƙƙi ake bijire wa, uba ko shugaba, in kika faɗa haka kin halasta wa Mosko mamayar da bakinki. Turjiya ita ce. Ana jan ki da igiya, kin kafe ƙafa.

Baba Tanko:
Turjiya ta akuya ce a bakin mahauta, Isa. Ta turje na ɗan lokaci, ƙarshe a ja ta. Waɗannan mutane narkar da su aka so a yi cikin wata al'umma, suka ƙi. Muna da ƙi-faɗi, muna da ƙi-gudu, to ga ƙi-narke. Ki duba Bronius Kutavičius, 'yata. A 1978 ya fito da kiɗan da ya kira bukukuwan ƙarshe na maguzawa, ya gina shi kan salon sutartinės, tsoffin waƙoƙin da muryoyi ke sarƙewa da juna. Lituweniya ba ta karɓi Kiristanci ba sai 1387, ita ce ta ƙarshe a Turai. Mutumin nan ya koma can tushe ya ce mun riga ku zama a nan, kuma bai ambaci gwamnati ba ko sau ɗaya. Wannan ba kafe ƙafa ba ne kawai. Ƙi-narke ne.

Zainabu daga Maraɗi:
Baba, ai abin da ka kwatanta habaici ne. Mai shi yana zaune a wurin, ya ji, ba shi da abin kamawa.

Baba Tanko:
Habaici dabara ce, ba sunan abin ba. Ƙi-narke.

Bala:
Ranka ya daɗe, mai sauraro yana tuƙi ko yana kan keken ɗinki. Ya ji "ƙi-narke" sai ya ɗauka kitse ake magana ko ƙanƙara. Kuma ban sauka daga tawa ba. A 23 ga Agusta 1989 mutum wajen miliyan biyu suka riƙe hannu daga Vilnius, babban birnin Lituweniya, har Tallinn, babban birnin Istoniya. Vytautas Landsbergis, wanda ya jagoranci majalisar da ta ayyana 'yanci a 11 ga Maris 1990, masanin kiɗa ne da ya yi shekaru yana nazarin Čiurlionis. Wannan ma turjiya ce?

Baba Tanko:
Shekara talatin ina koyar da nahawu, yau ɗan jarida ke gaya mini abin da Bahaushe zai gane. Ku ne kuka cika mana kunne da aro, duk kalmar da Bature ya yi tari da ita sai ku manna mata wasali ku ce Hausa ce. An ƙirƙiro ta gida kuma kun ce baƙuwa.

Bala:
Ba raini ba ne, Baba. Amma kalmomi nawa aka ƙirƙira a taron masana suka mutu a cikin takarda? Wadda ta rayu, ta bakin rediyo da kasuwa ta bi.

Zainabu daga Maraɗi:
Kullum a can wajenku ake yanka a raba, mu a Nijar sai dai mu ji a iska. Shirin nan har nan za a saurare shi. Turjiya dai kowa ya san ta a nan.

Malam Isa:
Bala ya taɓo gaskiya a wuri ɗaya: abin hawa-hawa ne. Bikin waƙa na ƙasa da aka fara a birnin Kaunas a 1924 bai tsaya ba a zamanin Sobiyet. An cusa masa waƙoƙin yabon jam'iyya, mawaƙa suka rera su don a bar su su rera na iyayensu. Wannan turjiya ce, har da sunkuyawa a ciki. Abin da ya faru daga 1988 kuwa gwagwarmaya ce a fili.

Hadiza:
Na gode ƙwarai. Zan sa turjiya a taken shirin, gwagwarmaya daga 1988. Baba, zan faɗi ƙi-narke sau ɗaya a kan Kutavičius, in bi ta da bayani.

Baba Tanko:
Sau ɗaya ba ya raya kalma. Amma ki faɗe ta da kyau, ki ja wasalin ƙarshe.

Hadiza:
In sha Allahu. Saura sunan kiɗan kansa, wanda Bature ke kira "classical music". Kiɗan gargajiyar Turai ba zai yiwu ba, don sutartinės ce gargajiyarsu.

Malam Isa:
Rubutaccen kiɗa, tunda a takarda ake tsara shi.

Bala:
Bai zauna mini ba. Ki buɗe wannan daban, Hajiya, dare ya yi. Shi kuma Čiurlionis ki furta shi Curlonis.