An kori Team Bath daga lig ɗin netbol, ina adalci a nan?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Tun da aka fara Superleague, babban lig ɗin netbol (wasan nan mai kama da ƙwallon kwando), a nan Ingila a kakar 2005–06 Team Bath, ƙungiyar jami'ar Bath, na ciki, su suka ɗauki kofin farko, suka ƙara ɗauka a kakar da ta biyo, gaba ɗaya sau biyar zuwa 2013, lokacin da yawancin 'yan wasan ɗalibai ne ko masu aikin yi, a tashi daga aji ko ofis a wuce atisaye da daddare saboda kuɗin wasan ba ya riƙe mutum. Su suka sha wahalar lig ɗin lokacin da babu ko sisi, da aka ce za a mai da shi na ƙwararru a 2025 sai aka kore su, su da Surrey Storm da Severn Stars da Strathclyde Sirens. Yanzu kudu maso yammacin Ingila babu ƙungiya ko ɗaya a lig ɗin, Sikotilan ma haka, yaran da ke zuwa kallo da rigunan makarantarsu ina za su? Wallahi abin ya min ciwo.

Ɗalibar Loughborough: Wa alaikumus salam Anti. Amma ba korarsu aka yi ba fa. Cewa aka yi kowa ya sake neman gurbi, aka rage ƙungiyoyi daga 10 zuwa 8, suka nema ba su samu ba. Kora daban, rashin dace daban.

Maman Ilham: Ƙanwata mutum yana cikin gida kusan shekara 20 a ce ya fita ya sake ƙwanƙwasa ƙofa sannan a ƙi buɗe masa, me sunan wannan in ba kora ba?

Baban Sadik: Kora ita ce a ce ka yi laifi. Wane laifi aka ce sun yi? Babu. To ba kora ba ce. A ƙwallon ƙafa ma in ka faɗi ajin ƙasa ba a cewa an kore ka.

Bazazzagiya: Malam wannan misalin naka bai hau ba sam, a netbol ɗin nan ba a faɗuwa ajin ƙasa ba a haurowa, gurbi ake ba ƙungiya ta riƙe. Ana buga gida da waje, huɗun farko su je wasan kusa da na ƙarshe, sai fainal, wanda ya zo na ƙarshe ma yana nan daram baɗi. Shi ya sa hanya ɗaya ta fita ita ce a cire ka ko ka durƙushe da kanka kamar Wasps a 2022 da kuɗi ya ƙare musu bayan sun ci kofi a 2017 da 2018. Bath ba su durƙushe ba, to cire su aka yi.

Ɗalibar Loughborough: Yauwa kin ce cirewa, ba ki ce kora ba.

Bazazzagiya: Ai duk ɗaya ne ke ma kin sani, don dai naku na Loughborough sun tsira ne bakinki ya buɗe. Ku ma ba a jami'a kuke ba kamar Bath? Me ya sa aka bar ku?

Ɗalibar Loughborough: Saboda muna cin kofi Yaya. 2021, 2023, 2024. Bath rabonsu da kofi tun 2013.

Baban Sadik: In maganar kofi ce a yi shiru a gaban Manchester Thunder, 2012, 2014, 2019, 2022, kuma a 2022 ɗin ko wasa ɗaya ba su faɗi ba har suka ɗaga kofin.

Maman Ilham: Huɗu kenan Malam. Biyar ta fi huɗu ko a ina aka yi lissafin.

Abu Kaduna: Ni tambaya ce da ni, wai wannan ba ƙwallon kwando ba ce kawai aka hana gudu da ƙwallo? Ta yaya za a ce mutum ƙwararre ne a wasan da ake tsayawa wuri ɗaya?

Bazazzagiya: Haba Abu, ka taɓa kallo kuwa? Mutum bakwai kowane ɓangare, kowacce da iyakar inda za ta taka, biyu kaɗai ke da ikon jefawa a raga kuma babu allo a bayan ragar da zai taimake ka, ƙwallo ba ta wuce daƙiƙa 3 a hannunki, zango huɗu na minti 15. Je ka nemi fainal ɗin wasannin Commonwealth na 2018, Ingila 52 Ostareliya 51, Helen Housby ta jefa ta ƙarshe lokaci na cika, sannan ka dawo ka ce ana tsayawa.

Abu Kaduna: To Allah ya ba da haƙuri Hajiya, amma ni har yanzu Nottingham Forest kawai na gane a cikin sababbin, ashe su ma sun shiga.

Baban Sadik: Sun shiga, su da Birmingham Panthers. Kuɗin ƙwallon ƙafa ne ya shigo ai, kuma gara haka.

Maman Ilham: Kun ji ko! Kuɗi. Abin da nake faɗa kenan tun ɗazu, mai kuɗi ya zo jiya an ba shi kujerar wanda ya gina wurin.

Ɗalibar Loughborough: Anti kuɗin nan ne zai sa yarinya ta daina haɗa wasa da aikin kwana. Kuma in ana maganar wanda ya yi wa lig ɗin hidima, mu muka kawo Peace Proscovia daga Uganda, muka kawo Mary Cholhok, ita ma 'yar wasan Uganda, mu 'yan Afirka kamata ya yi mu san inda aka buɗe wa namu ƙofa. Uganda ta zo ta biyar a kofin duniya na 2023 a Cape Town ba a banza ba.

Bazazzagiya: Kar ki ci da guminsu, ƙoƙarinsu ne ya kai su. Ni abin da ya fi ɓata min rai ma wannan jifar mai maki biyu da aka ƙirƙiro a minti biyar na ƙarshen kowane zango, an ɓata wasan kawai don a burge masu talabijin.

Baban Sadik: Ostareliya aka kwaikwaya, su ne gaba a wasan, me ye laifi?

Bazazzagiya: Ko a can ɗin ai da yawa ba su so ta ba.

Admin: To jama'a ya isa haka. Abin da na fahimta daga tattaunawar shi ne yawanci sun yarda ba korar Bath aka yi ba, gurbi suka nema ba su samu ba, kuma gyaran ya yi amfani tunda London Pulse da ba ta taɓa cin kofi ba ta ɗauka a 2025 a filin wasa na O2, mu na Landan mun shaida yadda wurin ya cika da yara mata. Maman Ilham a yi haƙuri, Cardiff na da ƙungiya a lig ɗin kuma ba ta da nisa da ku a jirgin ƙasa, a kai yara can. Maganar jifa mai maki biyu wanda ke so ya buɗe mata nata zauren daban.

Maman Ilham: Admin wane yawanci? Mutum biyu ne suka faɗa, ɗaya 'yar Loughborough ɗaya ɗan Manchester, kai kuma ga inda ka dosa. Ni dai ban janye ba, korarsu aka yi.