Hoton nono na asibiti (mammogram): za mu bar fim mu koma na kwamfuta, CR ko DR?

Mai ɗaukar hoto:
Salam 'yan uwa. Sinadarin wanke fim ya yi tsada, ga warinsa na gaji da shaƙa a ɗakin duhu. CR za mu koma ko DR?

Tsohon ma'aikaci:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. CR, wato ɗaukar hoto a kan faranti maimakon fim, kaset (akwatin da ake sa fim a ciki) za ku canza, ku sayi na'urar da ke karanta farantin zuwa kwamfuta, tsohon injinku ya ci gaba da aiki. DR, wato injin da ke tura hoto kai tsaye zuwa kwamfuta ba tare da kaset ba, ya fi fito da hoto tas, amma fa akwai kuɗi, kuma sai da AC da tsayayyiyar wuta.

Likita:
Allon kwamfutar da ake duba hoton fa? Megafiksel 5 ake so. A kwamfutar ofis ɗigo-ɗigon kalsiyam, waɗanda kan iya zama alamar cutar daji, ɓacewa suke. Tsofaffin fim kuma kar a zubar, da su nake kwatantawa.

Mai ɗaukar hoto:
Ashe allon ma kuɗi ne. Bari in kai wa oga.