Neman taimako: amsata a kan layuka masu haɗuwa a tsaye ta ƙi dacewa da ta littafi

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana lissafi ku taimaka mini, jarrabawa ta ƙarato kuma wannan tambayar ta tsaya mini a wuya. An ba da layi 2x + 3y = 12, aka ce a nemo ikweshon na layin da zai ratsa shi a tsaye, wato su haɗu a kusurwa mai digiri 90, kuma ya bi ta ɗigon (4, 5).

Ga yadda na yi. Na ɗauki gangarar layin farko, wato yawan hawa ko saukarsa a kowane taku ɗaya zuwa dama, a matsayin 2, tunda ita ce lambar da ke manne da x. Na kifa ta, na canza mata alama kamar yadda aka koya mana, ta zama −1/2. Na sa a cikin y − 5 = −1/2(x − 4), na samu x + 2y = 14. Amma a bayan littafi an rubuta 3x − 2y = 2. Na sake lissafin, abu ɗaya nake samu. Ni ce ban gane ba, ko kuwa littafin ne da kuskure?

Wani ɗalibi:
Wa alaikumus salam. Ai ba ki raba da 3 ba ne. Gangarar 2/3 ce, sai ki kifa ki sa alamar debewa, ki samu −3/2. Shi ke nan.

Malamin lissafi:
Wa alaikumus salam. Littafin yana da gaskiya, 'yata. Shi ma ɗan uwanki da ya amsa ya kusa, amma ya yar da alama a hanya.

Lambar da ke manne da x ba ta zama gangara sai y ta tsaya ita kaɗai a gefe guda, ba komai a jikinta, wato y = mx + c, inda m ce gangarar. A naki ikweshon akwai 3 a jikin y, kuma 2x tana gefe ɗaya da ita. Don haka sai an fara gyara shi:

3y = −2x + 12
y = −(2/3)x + 4

Kin ga 2x da ta tsallaka alamar daidai ta koma −2x. Gangarar layin farko −2/3 ce, ba 2 ba, ba kuma 2/3 ba. Yanzu ki kifa ta ki canza alama: 3/2. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ki ninka gangara biyun, dole su ba da −1. (−2/3) × (3/2) = −1. Da kin ɗauki −3/2 da aka ba ki a sama, ninkin zai ba da +1, kuma waɗannan layuka ba su haɗu a tsaye ba.

Saura kuma kin riga kin iya:

y − 5 = (3/2)(x − 4)
2y − 10 = 3x − 12
3x − 2y = 2

Kafin ki rufe littafi, mayar da ɗigon ciki: 3(4) − 2(5) = 12 − 10 = 2. Ya zauna. Amma ki lura, naki amsar ma ta bi ta (4, 5), domin 4 + 10 = 14. Saboda haka wannan gwajin shi kaɗai bai isa ba, layuka marasa iyaka ne ke bi ta ɗigo ɗaya. Sai an haɗa da gwajin −1.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Malam, Allah ya saka da alheri. Yanzu na ga inda ta ɓace mini. Sai dai in ba zan takura ba, me ya sa ake kifawa ana canza alama? Haddace shi kawai na yi, shi ya sa a ɗakin jarrabawa nake rikicewa, in rasa wanne ne na layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, wanne ne na masu haɗuwa a tsaye.

Malamin lissafi:
Wannan tambayar ta fi ta farko amfani. Ɗauko takardar giraf da fensir, ki yi da hannunki, kada ki tsaya karantawa kawai.

Gangara −2/3 tana nufin in kin yi taku 3 zuwa dama, sai ki sauka taku 2. Fara daga (0, 4), wanda ke kan layin. Taku 3 dama, taku 2 ƙasa, kin isa (3, 2). Duba: 2(3) + 3(2) = 12, kina kan layin har yanzu. Zana wannan ƙaramin alwatika: kwance 3, tsaye 2.

To yanzu ki dafa bakin fensir a (0, 4), ki juya alwatikan kwata ɗaya na zagaye, saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya. Gefen da ke kwance yana kallon dama ya miƙe yana kallon sama, ya zama taku 3 sama. Gefen da ke kallon ƙasa ya kwanta yana kallon dama, ya zama taku 2 dama. Sabon layin yana hawa 3 a kowane taku 2, gangararsa 3/2.

Abin da ya faru ke nan. Kwance da tsaye sun yi musayar wuri, shi ne kifawar. Layin da ke sauka ya koma mai hawa, shi ne canza alamar. Su kuwa layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba a juya komai ba, don haka gangararsu ɗaya. Wanda ya taɓa juya alwatikan nan da hannunsa da wuya ya ƙara haɗa dokokin biyu.

Injiniya:
Malam ya gama magana, amma ƙanwata ga gajeriyar hanya saboda lokaci. In layin ya zo a siffar ax + by = c, ba sai kin nemi gangara ba. Musanya lambobin x da y, ki canza alamar ɗaya daga ciki. 2x + 3y ya koma 3x − 2y. Sai ki ce 3x − 2y = k, ki zuba (4, 5) ki samu k = 2. Layi biyu na rubutu, ba wani raba lamba, an gama.

Malamin lissafi:
Hanyar daidai ce, Injiniya, kuma juyin alwatikan nan ne dai a wata riga. Abin da ya sa ba na fara koyar da ita shi ne na ga ɗalibai da yawa suna canza alamar duka biyun, su rubuta −3x − 2y, wanda gangararsa −3/2 ce, an koma gidan jiya. Sannan idan tambayar ta ce a nuna aiki, mai duba takarda yana neman ya ga gangara biyun a rubuce. Ta yi doguwar hanya, sannan ta duba amsarta da gajeriyar.

Injiniya:
Na yarda, amma gajeriyar tana da wani amfani da ba a faɗa ba. Dokar −1 tana mutuwa idan layin a kwance yake. Ɗauki y = 7: gangararsa 0, kuma ba a kifa 0, domin ba a raba lamba da sifiri. Da hanyata kuwa, 0x + 1y ya koma 1x − 0y = k, wato x = k. Ta (4, 5), amsa x = 4.

Malamin lissafi:
Nan kam ka kama ni. Ko da yake wannan ido ma ya isa: layin kwance, na tsaye ne ke ratsa shi, sai a ɗauki x na ɗigon. In an ba da x = 7 kuma, amsar y = 5.

Mai tambaya:
Na zana layukan biyu, 2x + 3y = 12 da 3x − 2y = 2, amma wallahi kusurwar ba ta yi kama da 90 ba. Na ɗora abin auna kusurwa, ta kauce sosai.

Wata malama:
Duba ma'aunin da kika ɗauka, 'yar uwa. Ina kyautata zaton a layin x kin ba kowace lamba santimita 2, a layin y kuma santimita 1, ko akasin haka. In ma'aunin bai zo ɗaya ba, zanen yana miƙewa ta gefe guda, kusurwa kuma ta lalace, alhali lissafin lafiya lau yake. Haka ma yake faruwa a manhajar zana giraf a waya ko kwamfuta idan an ja allon ta gefe ɗaya. Sake zanawa da ma'auni ɗaya. Layukan za su haɗu a x = 30/13, y = 32/13, wato kusan (2.3, 2.5), sai ki auna a nan.

Tunda kin zo nan, gwada wannan, domin da shi ake yawan ɓoye tambayar: nemo layin da ya raba tsakanin A(1, 2) da B(5, 8) gida biyu daidai, kuma a tsaye. Ba a ba ki gangara ba, ba a ba ki ɗigo ba, ke za ki samo duka biyun.

Mai tambaya:
Haka ne Malama, santimita 2 na ba x. Na sake zanawa, 90 cif.

Ga na biyun. Tsakiyar A da B: (1 + 5)/2 = 3, (2 + 8)/2 = 5, wato (3, 5). Gangarar AB: (8 − 2)/(5 − 1) = 6/4 = 3/2. Na kifa na canza alama, −2/3. Sai y − 5 = −(2/3)(x − 3), 3y − 15 = −2x + 6, na samu 2x + 3y = 21. Daidai ne?

Wata malama:
Daidai ne. Ga kuma yadda za ki tabbatar ba tare da kin tambayi kowa ba: kowane ɗigo a kan wannan layin nisansa da A daidai yake da nisansa da B. Ɗauki (0, 7), yana kan layin tunda 3 × 7 = 21. Nisan in an ninka shi da kansa, zuwa A: 1² + 5² = 26. Zuwa B: 5² + 1² = 26. Ki gwada da (6, 3) ki gani, ya kamata ki sake samun 26 a duka biyun.