Faɗuwar gaba kafin wasan tanis: me ake yi a rabin awar ƙarshe?

SabonRaket:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, ɗan wasan da hannunsa ke lafiya lau a atisaye, amma ranar gasa sai hannun ya sandare, sabis ɗinsa na biyu (bugun fara maki da ake sakewa in na farko ya ɓaci) ya riƙa faɗawa raga, me ya kamata ya yi kafin a kira sunansa?

KociNaFili:
Wa alaikumus salam. Faɗuwar gaba ba ta tafiya, har manya suna jin ta. Abin da take ɓatawa shi ake gyarawa, kuma wurare uku take kamawa: numfashi, riƙon raket, da ƙafa.

Saura minti 30, ya ajiye waya, ya daina kallon wasan wasu. Ya yi minti 10 yana tsallen igiya ko gudun gefe-gefe har gumi ya ɗan tsatso. Sai ya zauna, ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake shi a hankali yana ƙirga shida, sau goma. Fitarwar ce ke sassauta bugun zuciya, shi ya sa ta fi tsawo.

Riƙon raket kuwa, in ka auna daga 1 zuwa 10, kada ya wuce 4. Mai tsoro yana damƙe shi kamar za a ƙwace, wuyan hannu ya ƙage, kan raket ya rage gudu. Nan sabis na biyu ke mutuwa. Yaro sai ya ɗauka lallaɓa ƙwallon ne mafita, alhali lallaɓawar ce ke kai ta raga. Ya buga da saurin hannu iri ɗaya da na farko, sai dai ya goge ƙwallon ta yi juyi sosai.

Kuma ya shiga da umarni biyu kacal a kansa, misali "kai masa bayan hannu" da "motsa ƙafa". Kada ya ce wa kansa "kar in yi kuskure", domin kuskuren zai riƙa hangowa.

MalamAlƙali:
Koci ya gama magana, ƙari kawai zan yi ta fuskar doka. Ɗumin jiki da abokin karawa minti 5 ne a yawancin gasa, ba lokacin cin maki ba ne. A duba ko bahago ne. Abin mamaki, wasu sai an yi gem biyu (gem shi ne zagayen maki da mutum ɗaya ke sabis a cikinsa) suke lura. A ɗaga masa ƙwallo sama ɗaya ko biyu a ga yadda yake da ita.

Wanda ya ci ƙuri'a yana da zaɓi huɗu: ya yi sabis, ya karɓa, ya zaɓi ɓangaren fili, ko ya bar wa abokin karawa zaɓin. Mai rawar hannu ya zaɓi karɓa, nauyin gem na farko ya hau kan wancan. A tuna bayan gem na farko ana sauya ɓangare ba tare da zama ba, hutun daƙiƙa 90 sai bayan gem na uku.

HajiyaTanis:
Malam, karɓa ba kullum ba. In rana tana dukan ido a ɓangare ɗaya, ko iskar hunturu na kaɗawa, zaɓen ɓangare ya fi amfani.

Sannan a gem biyun farko kada ya nemi layi. Ya buga a karkace, kusurwa zuwa kusurwa, ƙwallon ta wuce raga da kamar mita ɗaya. Tsakiyar raga santimita 91 ne, gefe kuma 107, ga shi filin ya fi tsawo ta nan. In ya mayar da ƙwallo biyar ko shida a jere, hannu zai saki da kansa.

Daƙiƙa 25 da ke tsakanin maki ma a yi musu tsari tun a atisaye: juya baya ga raga, gyara igiyoyin raket, numfashi ɗaya, buga ƙwallo a ƙasa sau uku. Mutane sun riƙa yi wa shahararren ɗan wasan tanis Rafael Nadal dariya kan jera kwalaben ruwansa lokacin da yake wasa, amma aikin da suka yi masa ke nan. Wanda ya ƙirƙiro irin wannan tsari a ranar gasa, ƙara rikita kansa zai yi.

SabonRaket:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To in wasan da ke gabansa ya ja, aka yi awa guda ana jira fa?

KociNaFili:
Kada ya ɗuma jiki tun da wuri. Ya jira sai sun shiga tsakiyar set (rukunin gem) na ƙarshe, sannan ya fara minti 10 ɗin nan. Kafin nan ya zauna a inuwa, ya ci rabin ayaba, yana kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan.